DASHE DA ƘASARSA: ABIN DA KIMIYYA TA GANO GAME DA 'YA'YAN BAƘI A ƘASAR HAƊEJA

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ratsa fadamun Haɗeja a farkon rani, lokacin da ruwan kogi ya ja da baya, ya ga yadda manoman tattasai da attaruhu da tumatir suke yin dashe. Manomin da ya san aikinsa ba ya cire iri da tsakar rana. Yakan fara jiƙa wurin da ya reni irin, sa'an nan ya ciro kowane tsiro da ɗan dunƙulen ƙasa manne a saiwarsa, ya dasa shi da la'asar sakaliya, ya ba shi ruwa nan take.

Ilmin halittu ya bayyana hikimar wannan aiki. A jikin kowace saiwa akwai wasu siraran gasusuwa da ido bai cika ganinsu ba, waɗanda su ne ke tsotso ruwa da gishirin ƙasa. Idan aka fizge tsiro aka kakkaɓe ƙasarsa, waɗannan gasusuwa sukan tsittsinke, alhali kuwa ganye bai daina fitar da ruwa ta ƙananan ƙofofinsa ba. Ruwan da ke fita sai ya fi wanda ke shiga, tsiron ya yi yaushi, wani ya farfaɗo bayan wahala, wani ya mutu. Amma wanda ya zo da ƙasarsa yakan ci gaba da sha daga tsohuwar ƙasa har ya fitar da sababbin saiwoyi cikin sabuwar.

Wannan maƙala ta shafi wani irin dashe ne da ya fi na tattasai muhimmanci, wato yaran da iyayensu suka taso daga wata ƙasa ko wata al'umma suka zauna a cikin wata. A makarantu da yawa na ƙasar Haɗeja akwai irin waɗannan yara, masu magana da wani harshe a gida, da Hausa a kan titi, da Turanci a takardar jarrabawa. Tambayar ita ce: me ke sa wani daga cikinsu ya kama ƙasa ya yi yabanya, wani kuma ya yi yaushi?

Haɗeja, Mahaɗar Jama'a

Ƙasar Haɗeja ta daɗe tana karɓar baƙi, kuma ruwa ne babban dalili. Kogin Haɗeja, wanda ke samun ruwansa daga kogunan Kano da Calawa, yakan bazu cikin fadamu da tafkuna a kan hanyarsa ta zuwa Nguru da Gashuwa, ya haɗu da Kogin Jama'are su zama Kogin Yobe mai zuba a Tafkin Cadi. A yankin da damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, wurin da ke riƙe ruwa da ɗanyar ciyawa har cikin bazara dole ya ja makiyayi da masunci da manomi. Shi ya sa tun kafin zuwan Turawa ake samun Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa suna zaune kafaɗa da kafaɗa a wannan ƙasa.

Da layin dogo ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya bi ta Malam Madori da Birniwa, sai ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudancin Nijeriya. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da kuma na 1983 zuwa 1984, ya koro iyalai masu yawa daga Jamhuriyar Nijar zuwa kudu neman abinci da makiyaya. Sai kuma rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009, ya yi tsanani a 2014, ya raba mutane fiye da miliyan biyu da gidajensu a arewa maso gabas. Mafi yawansu ba a sansani suka zauna ba, sun shiga garuruwa ne wurin dangi da masu tausayi, kuma da yake Jihar Jigawa na maƙwabtaka da Yobe, wasunsu sun sauka a ƙasar Haɗeja. Ko a cikin ƙasar kanta jama'a na motsawa, domin gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992 ya sauya yadda ruwa ke malala a fadamu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ambaliya irin ta 2022 kuma ta tashi ƙauyuka.

Kowane ɗaya daga waɗannan ƙaurace-ƙaurace ya zo da yara. Babba yakan iso da halinsa da harshensa a kammale. Yaro kuwa yana isowa ne ana cikin ginin ƙwaƙwalwarsa.

Ƙwaƙwalwar Yaro da Harsuna Biyu

Nauyin ƙwaƙwalwar jariri sabon haihuwa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ta babban mutum ba, amma kafin ya cika shekara shida ta kai kusan kashi 90 cikin ɗari. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma koyo yana faruwa ne ta hanyar ƙulla mahaɗai tsakaninsu. Mahaɗar da ake yawan amfani da ita takan ƙara ƙarfi, wadda aka yi watsi da ita takan shuɗe, kamar dai turbar da ciyawa ke cinyewa idan ƙafa ta daina binta.

A 1984 wasu masana biyu a ƙasar Kanada, Janet Werker da Richard Tees, sun gwada jarirai 'ya'yan masu jin Turanci da sautukan wasu harsuna da ba su taɓa ji ba, ciki har da sautuka masu kama da "ƙ" na Hausa. Jarirai 'yan wata shida zuwa takwas sun bambance sautukan ba tare da wahala ba. Amma 'yan wata goma zuwa goma sha biyu, mafi yawansu sun kasa. Ma'ana, ana haihuwar ɗan Adam da kunnen da ke iya ɗaukar sautin kowane harshe, sa'an nan a cikin shekarar farko kunnen ya karkata ga abin da yake ji kullum. Jaririn da ke jin harsuna biyu a kewayensa yakan riƙe sautukan duka biyun.

A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington a Amurka ta ƙara wani haske. Ta sa an riƙa yi wa jarirai 'yan wata tara wasa da magana cikin Sinanci har zama goma sha biyu. Waɗanda mutum ya zauna gabansu ya yi musu magana sun koyi bambance sautukan Sinanci. Waɗanda aka kunna wa maganar a talabijin ko a rikoda ba su koyi kome ba. Wannan ya nuna cewa ƙaramin yaro daga bakin mutum yake ɗaukar harshe, wato daga tatsuniyar kaka da zancen uwa da wasan tsara.

A da, masana da yawa a Turai da Amurka sun ɗauka cewa harsuna biyu na rikita yaro, suna rage masa basira. A 1962 Elizabeth Peal da Wallace Lambert suka gwada yara 'yan shekara goma a birnin Montreal na Kanada, suka tarar masu jin Faransanci da Turanci sun zarce masu jin Faransanci kaɗai a yawancin gwaje-gwajen basira. Har yanzu masana na muhawara a kan girman wannan fifiko, amma sun haɗu a kan cewa harsuna biyu ba su cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Kalmomin da ya sani a kowane harshe ɗaya suna iya gaza na tsaransa da farko, amma idan aka haɗa na harsunan biyu yawanci sukan yi daidai. Cakuɗa harsuna a cikin jimla ɗaya ma ba alamar ruɗewa ba ce, domin manya masu harshe biyu haka suke yi a kasuwar Haɗeja kowace rana.

Ya kamata malami ya lura da wannan: yawancin "kurakuran" ɗan baƙo suna da tsari. Harshen Barebari ba shi da sautukan ɓ da ɗ da ƙ, saboda haka yaron da ya taso da shi zai iya kiran "ƙafa" da "kafa". Haka kuma Barbarci da Fulatanci ba su raba suna zuwa jinsin namiji da na mace kamar yadda Hausa ke yi, shi ya sa za a ji yaro ya ce "Inna ya tafi". Abin da ya faru shi ne ya ɗora dokar harshensa a kan sabon harshe, kuma wannan aiki ne na ƙwaƙwalwa mai lafiya.

Harshen Gida Tsani ne

Wani masanin ilmi a Kanada, Jim Cummins, ya bambance tsakanin harshen hira da harshen karatu. Bincikensa ya nuna cewa ɗan baƙo kan iya hira da sabon harshe cikin kimanin shekara biyu, amma yakan buƙaci shekara biyar zuwa bakwai kafin ya kamo tsaransa a harshen da ake rubuta darasi da jarrabawa. A nan ne malamai da yawa ke yin kuskure. Sukan ji yaro na zuba Hausa a filin wasa, sai su ɗauka ya gama iyawa, idan ya faɗi jarrabawa su ce daƙiƙi ne ko malalaci.

Cummins ya kuma nuna cewa abin da yaro ya fahimta da harshe ɗaya ba ya ɓacewa idan ya koma wani. Ɗan Fulanin da ya iya ƙirga shanu da Fulatanci ya riga ya san ma'anar tarawa da ɗebewa, sunayen lambobi kawai zai sauya. Yarinyar da ta fara firamare da Faransanci a Damagaram ta riga ta san cewa baƙaƙe na wakiltar sautuka, ba sai an koya mata wannan daga farko ba.

An tabbatar da irin wannan a nan Nijeriya. Daga 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa na Jami'ar Ife ya jagoranci wani gwaji inda aka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa aka koyar da shi a matsayin darasi guda. Waɗannan yara ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba, a fannoni da dama ma sun fi su, kuma Turancinsu bai samu tawaya ba. Saboda haka uban da ya hana a yi Fulatanci ko Badanci a gidansa don ɗansa ya yi saurin iya Hausa ko Turanci, ya kakkaɓe ƙasar da ke jikin saiwa ne.

Akwai kuma wata hasara da ba ta bayyana a takardar sakamako. A 1991 Lily Wong Fillmore ta wallafa bincike a kan iyalan baƙi a Amurka waɗanda 'ya'yansu suka bar harshen gida da wuri. Ta tarar iyaye da kakanni sun kasa yi wa yaran nasiha ko ba su labari yadda ya kamata, domin babu harshen da ɓangarorin biyu suka iya sosai. Tarbiyya da harshe ake yin ta.

Tsoro da Aikinsa a Jiki

Harshe ba shi kaɗai ne nauyin da ɗan baƙo ke ɗauke da shi ba. Yaron da ya baro garinsu da gudu cikin dare, ko ya ga ruwa ya ci gidansu, ya iso da wani abu a cikin jininsa.

A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar ƙaramar halitta da ke zuba sinadarai cikin jini idan mutum ya firgita. Ɗaya daga cikinsu shi ne adirenalin, mai sa zuciya bugawa da sauri. Ɗayan kuma kotisol, wanda ke ƙara sukari a jini don jiki ya samu ƙarfin gudu ko kare kai. Wannan tsari rahama ne idan haɗarin na ɗan lokaci ne. Amma idan fargaba ta ɗore watanni, yawan kotisol kan hana barci, ya raunana garkuwar jiki, ya kuma taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai adana abin da aka koya. Irin wannan yaro zai iya zama a aji idonsa na kan allo, alhali hankalinsa na sauraron kowane motsi a waje. Wani yakan koma fitsarin kwance, wani ya yi ta faɗa, wani ya yi shiru na makonni. Bulala da tsawa ba abin da suke yi illa ƙara kunna wannan tsari.

Abin da ke kwantar da shi kuwa sananne ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Anna Freud da Dorothy Burlingham sun kula da ƙananan yara a Landan, suka lura cewa rabuwa da uwa ta fi girgiza yaro a kan ƙarar bama-bamai. Daga baya Megan Gunnar ta Jami'ar Minnesota ta auna kotisol a yawun ƙananan yara lokacin da ake yi musu allurar rigakafi, ta ga cewa bai cika hauhawa ba a wurin yaran da suka amince da uwar da ke riƙe da su. Ke nan babban mutum guda mai natsuwa, wanda yaro ya yarda da shi, garkuwa ne da za a iya auna amfaninsa a jiki. Idan iyaye su kansu suna cikin damuwa, kaka ko malamin allo ko malamar aji za su iya tsayawa a wannan matsayi.

Sabuwar ƙasa ma tana da nata cututtuka. Yaron da ya taso a tudu ya zo fadama zai shiga tafki wanka tare da abokai, inda wasu ƙananan dodon-koɗi ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar kan huda fata ta shiga jijiyoyin jini na mafitsara, bayan wani lokaci a ga jini a fitsari, yaron ya rame ya rasa kuzari. Ana warkar da ita da ƙwayar magani a asibiti. Haka nan sauro ya fi yawa kusa da ruwa, kuma iyalan da suka yi gudun hijira sau da yawa sun bar katin rigakafin 'ya'yansu a baya. Kafin a yanke wa baƙon ɗalibi hukuncin lalaci, ya dace a bincika lafiyarsa da abin da ya ci da safe.

Hanyoyi Huɗu

Masanin halayyar ɗan Adam John Berry ya ce baƙo na fuskantar tambayoyi biyu: zai riƙe al'adarsa? Zai kuma cuɗanya da mutanen da ya tarar? Daga amsoshin ake samun hanyoyi huɗu. Wani ya riƙe nasa ya kuma shiga jama'a. Wani ya watsar da nasa ya narke cikin masu gari. Wani ya ƙanƙame nasa ya ware kansa. Wani kuma ya rasa duka biyun. A 2006 Berry da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon bincike a kan matasa 'ya'yan baƙi fiye da 5,000 a ƙasashe 13. Waɗanda suka haɗa biyun su suka fi kwanciyar hankali da kyakkyawar ɗabi'a a makaranta, waɗanda ba su tsaya a ko'ina ba su suka fi shan wahala. Binciken ya kuma nuna cewa matashin da ake nuna wa wariya yakan juya wa masu gari baya. Ashe zaɓin ba a hannun baƙo kaɗai yake ba.

Ƙasar Haɗeja ta san hanya ta biyu sarai. A da, mutanen Auyo suna da harshensu, Auyakanci, haka ma mutanen Tashena da ke yankin Kafin Hausa. Masana harsuna, irin su Russell Schuh, sun nuna cewa waɗannan harsuna dangin Badanci da Ngizimanci ne. A yau babu mai magana da su, sai 'yan kalmomin da aka rubuta. Hausa ta haɗa kan jama'a, ta sauƙaƙa ciniki da auratayya, wannan alheri ne babba. Sai dai kowane harshe da ya mutu yakan tafi da sunayen kifaye da tsirrai da hanyoyin ruwa da masu shi suka tara cikin ɗaruruwan shekaru. Ɗan makiyayin da ya iya sunayen ciyayi da Fulatanci, ya san wadda ke sa nono da wadda ke kumbura cikin saniya, yana riƙe da ilmin tsirrai wanda ba ya cikin littafin aji.

Hukuma ta ɗan fahimci wannan lokacin da ta kafa Hukumar Ilmin 'Ya'yan Makiyaya ta Ƙasa da doka mai lamba 41 ta 1989, daga baya aka shigar da 'ya'yan masunta masu ƙaura. Manufar ita ce ilmi ya iske yaro a cikin rayuwarsa, ba sai ya bar rayuwar ba tukuna.

Abin da za a Iya Yi

Malami zai iya farawa da abu mai sauƙi: ya tambayi sabon ɗalibi harshen da ake yi a gidansu, ya koyi kiran sunansa daidai, ya zaunar da shi kusa da wanda ke jin harshensa. Idan yaron ya yi shiru a makonnin farko, a ba shi lokaci, domin sauraro yake yi. A darasin kimiyya, malami na iya kawo tarwaɗa ko ƙarfasa ko reshen bagaruwa, ya sa a rubuta sunansu a allo da kowane harshe da ke cikin ajin. A ranar, yaron da aka saba yi wa dariya shi zai zama mai koyarwa. Ya kamata kuma a daina hukunta yara don sun yi harshen iyayensu a harabar makaranta.

Iyaye su ci gaba da magana da 'ya'yansu da harshen da suka fi iyawa, su ba su tarihin garinsu da sunayen kakanninsu, tare da barin su su yi abota da 'ya'yan maƙwabta. Su guji ɗora wa ƙaramin yaro tafinta a al'amuran manya, kamar rashin lafiya mai tsanani ko shari'a, domin nauyin ya fi ƙarfinsa. 'Ya'ya mata kuwa, waɗanda su aka fi tsarewa a gida idan iyali na jin baƙunta, kada a bar su a baya wajen shiga makaranta.

Su kuma ɗalibai 'yan gari, a hannunsu mafi yawan aikin yake, domin a filin wasa ake koyon harshe, a can kuma ake jin zafin gori. Barkwancin da ke tsakanin Fulani da Barebari tsohuwar al'ada ce ta zumunci tsakanin manya da suka san juna. Amma kwaikwayon maganar yaron da bai daɗe da zuwa ba a gaban aji zai iya rufe masa baki na tsawon zango.

Kammalawa

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma tarihin Haɗeja ya nuna cewa baƙi da yawa sun zauna, jikokinsu ne 'yan gari a yau. Abin da bincike ya tabbatar shi ne ƙwaƙwalwar yaro na da wurin harsuna biyu da al'adu biyu, kuma abubuwan da ke tauye ɗan baƙo su ne tsoro da yunwa da ciwo da jin kunyar asalinsa. Dukkansu kuwa abubuwa ne da gida da makaranta da unguwa za su iya ragewa. Malamin da ya karɓi sabon ɗalibi a wannan zango sai ya tuna da manomin fadama: a bar wa tsiro ƙasar da ya zo da ita, a ba shi ruwa, a kuma yi haƙuri har ya kama.